Hannun Rufus na Dama

Abu Hamour, Doha.
12 ga Maris, 2023.

Zuwa ga Yaya Hannatu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina addu'a wasiƙar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida Baba Edwin da yara duka, da kuma Ngo, mahaifiyarku kuma uwata, Allah ya ƙara mata ƙarfi ya ja da ranta. Mun ji daɗin labarin Kevin, cewa ya samu shiga makarantar koyon aikin jinya. Ki gaya masa in ji ni ya fara lallashin ƙafafunsa tun yanzu, domin aikin namu na tsayuwa ne, babu wanda ya taɓa yin sa a zaune. 'Yarki Jael tana nan lafiya a jiki, ta kusa kamo ni tsawo. Ni ma ina nan ina fama da asibiti kamar kullum.

Kin san rubuta wasiƙa ba halina ba ne, ni mai surutun waya ce. Amma ƙanenki Rufus, maigidana, kullum yana gida yanzu, bangon gidan nan ba ya riƙe magana, kuma ya hana ni faɗar abin da zan faɗa miki. Shi ya sa na ba Diana, abokiyar aikina da za ta zo hutu Bukuru, ta kawo miki hannu da hannu. Ki samu wuri ki zauna, Yaya. Rufus ya rasa yatsu uku a hannunsa na dama. Kin kuwa san da hannun nan yake ci, kuma takardar zamansa da ta Jael da gidan da muke ciki duk a kan aikinsa suke.

Bari in faro miki daga tushe. Tun zuwan korona ba mu san wani abu wai shi hutu ba. Ni aka tura ni asibitin killace masu cutar, na yi watanni ina hango 'yata daga bakin ƙofa ba halin in rungume ta. Shi kuma kamfaninsu na haɗa na'urorin sanyaya filayen ƙwallo, ba Asabar ba Lahadi. Ana cewa cuta ta lafa sai ga gasar cin kofin duniya, aka soke hutun kowa. Da baƙi suka watse sai aka ba mu 'yan kwanaki tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara, waɗanda ba su isa mutum ya je Jos ya gaisa da dangi ya dawo ba. Jael kuwa ta daɗe tana naci, wai 'yan ajinsu duk sun je ƙasar Jojiya sun yi wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, sai ita. Ni dai barci nake so in yi, Allah ya sani. Rufus ya ce yarinyar nan ta sha kulle ita kaɗai a ɗaki ba ta yi mana ƙorafi ba, in ba mu kai ta yanzu ba sai yaushe. Haka muka haɗa kaya muka tafi Jojiya.

Yaya, gani ya kori ji. Ka ce an kwashe Doha da Dubai ne gaba ɗaya an juye a kan dutse guda. Duk wanda gasar ƙwallo ta tsare ya fito shan iska a mako ɗaya. Layi a wurin hayar takalma, layi a wurin abinci, layi har a ƙofar ban ɗaki, ko'ina sai Larabci kake ji, yalla yalla a yi sauri, kamar ba ka bar Doha ba. Aka ɗaura mana wasu takalma masu nauyin turmi, aka maƙala musu dogayen katakai biyu, aka haɗa mu da wata doguwar mata mai jar fuska da za ta koya mana. Kafin komai ta ja mana kunne a kan abu biyu: kada kowa ya cire safar hannunsa a waje, kuma duk wanda ya ga yatsansa ya yi fari ya daina jin taɓi, ya nufi ɗakin magani kai tsaye. Ƙanenki ya yi dariyar nan tasa. Ya gaya mata shi ɗan Jos ne, da ruwan rijiya yake wanka da asuba a watan Disamba tun yana firamare, ban da haka ma sanyi sana'arsa ce, shi ya sanyaya filin da duniya ta zauna ta kalli ƙwallo. Matar ba ta san inda Jos take ba, ta dai yi murmushi ta ce ya sa safarsa.

Ni kam ban tsinana komai ba. In na tashi ta gaba in faɗi ta baya, har malamar ta mai da ni cikin ƙananan yara, suna wuce ni suna waiwaye. Uba da 'ya kuwa nan da nan hannunsu ya faɗa. Rabon da in ga Rufus yana dariya har da hawaye irin ta kwanakin nan, tun muna Jos. Ina gaya miki wannan ne don ki san ya ji daɗi, ba wahala kaɗai ya kwaso ba.

Ranar da za mu yi ta ƙarshe aka ce su biyun sun isa su hau sama. Akwai wasu kujeru da ke rataye a jikin waya, su suke ɗaukar mutane zuwa kan dutsen, ƙafafunka na lilo a sarari. Suna tsakiyar tafiya Jael ta zare safarta ta dama don ta ɗauki hoto ta turo mini, safar ta suɓuce ta faɗa ƙasa. Uban ya cire tasa ya sa mata, ya ce saura kaɗan su isa. Sai iska ta taso, aka tsayar da injin, suka maƙale a sama fiye da awa guda. Kujerar na ta kaɗawa, yarinya ta tsorata tana kuka, sai ya rungume ta da hannun hagu, ya damƙe ƙarfen kujerar da na dama, tsirara. Jael ta ce ta yi ta roƙonsa ya karɓi safarsa, ya ce da fari ne ya ji zafi, yanzu kuwa ya daina, ai ya gaya mata ɗan Jos ne.

Da aka sauko da su bai nufi ɗakin magani ba. Ya ga wata bukkar katako da ake sayar da shayi, a tsakiyarta akwai murhun ƙarfe ana ta cusa masa itace. Sai ya yi abin da ke da ni da duk wanda ya tashi a ƙasarmu zai yi, ya kutsa cikin mutane ya kai hannu jin ɗumi. Da bai ji komai ba ya matsa. Da bai ji ba ya ƙara matsawa, har ya ɗora yatsun a jikin ƙarfen. Wurin cike yake, kiɗa na tashi, kowa na fama da kofinsa, babu wanda ya lura. Jael ce ta kira ni a waya. Kafin in gan shi hancina ya riga ya gaya mini, domin warin nan na san shi daga ɗakin masu ƙuna. Na same shi yana murmushi, yana gaya wa mai shayin wai wutarsu ba ta da ƙarfi, a ƙara itace.

Likitan da ya fara duba shi ya ce da sanyin ne kaɗai, da an sa hannun a ruwa mai ɗumi a hankali, wataƙila da fata ce kawai za ta saɓe. Wutar ce ta ƙarasa abin da sanyi ya fara. Na san haka, an koya mana a makaranta, amma ina can wani gefe ina faɗuwa cikin yara. Wa zai gaya wa mutumin da ya girma a bakin murhun Ngo cewa akwai sanyin da wuta ba maganinsa ba ce?

Muka dawo Doha da hannu a naɗe. Likitocin nan suka ce sai an jira, naman da zai rayu zai nuna kansa. Ni nake wanke masa safe da yamma, ina kallon yatsun suna yin baƙi suna bushewa, shi kuma yana tambayata ko na ga sauƙi, ina cewa da sauƙi. A watan Fabrairu aka cire manuniya da na tsakiya da mai bi masa. Babban yatsa da ƙaramin sun tsira. Wani abokin aikinsa ɗan Gana, Issifu, Allah ya saka masa, duk Juma'a sai ya biyo ta kasuwar Asian Town ya sayo mana kenke, tuwon masarar ƙasarsu, ya kawo tsofaffin sufana da notuna, su baje a tsakar falo Rufus yana koyon ɗauri da hagu. Ya ba da himma, Yaya, har tafin hannunsa ya yi kanta. Ni ma na fara sa rai.

Makon jiya kamfanin suka kira shi gwaji. Suka ba shi bututu ya riƙe da hannu ɗaya ya ɗaure da ɗayan, a kan tsani, yadda aikin yake. Issifu ya ce sufanar ta faɗi, ya sauko ya ɗauka, ta sake faɗi, ya sake saukowa, har manajan ya dafa kafaɗarsa ya ce khalas, wato ya isa haka. Ba su ci mutuncinsa ba. Sun ce raunin ba a bakin aiki ya same shi ba, kuma tun da gasa ta ƙare dama rage mutane suke yi. Su ne kafil ɗinsa, wato masu tsaya masa a takardar zama, in suka sake shi babu zama. Na je ofishinmu na roƙa a mai da shi da Jael ƙarƙashin sunana, aka ce matsayina bai kai na mai riƙe iyali ba. Don haka ƙarshen watan gobe su biyun za su taho gida, ni kuma in koma ɗakin kwanan ma'aikatan jinya in ci gaba, tunda yanzu ni kaɗai ce mai kawowa. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ban taɓa jin nauyin maganar ba sai bana.

Ba zan ɓoye miki ba, wani lokaci haushinsa nake ji kamar in shaƙe shi, shi da bakinsa na ɗan Jos. Sai in tuna hannun 'yata ne ya saya da nasa, in shiga ban ɗaki in yi kukana in wanke fuska. Jael ce ta fi ba ni tsoro. Ba ta sake taɓa wayarta ba, abinci sai an yi da gaske, kuma ta ce da ba ta nace a je ba, da ba ta cire safar ba. Idan sun iso, don Allah ki ja ta a jiki, kada kowa ya tambaye ta yadda aka yi.

Ga babban abin da ya sa na rubuto. Rufus ya rantse Ngo ba za ta sani ba, wai hawan jininta. Yana ganin tunda idonta ya tafi, zai iya shiga ya fita ba ta gane ba. Amma ke da kike tare da ita kin fi ni sanin yadda take karɓar mutum yanzu: sai ta ce a miƙo hannu, ta riƙe shi cikin nata biyu tana shafawa har a gama gaisuwa. Na tuna masa haka. Sai ya ce to zai ba ta na hagu. Na ce ɗan da ta haifa, bayan shekarun nan ba ta ji ɗuminsa ba, ya miƙa mata hagu a gaban mutane? Ya ce gara ta ce Doha ta lalata masa tarbiyya, ya durƙusa ta zage shi son ranta. Ya faɗa yana dariya, amma ya juya fuskarsa bango.

Ke ma kin san ba za ta karɓi hagu ba. Za ta ture shi ta lalubo na daman da kanta, ta fara shafawa tana neman abin da babu. Ina roƙonki, Yaya, ki zaɓi rana mai sauƙi, ki kira Fasto ya zauna kusa, ki gaya mata a hankali tun kafin su taso. Ta yi kukanta a kafaɗarki ta gama. Ranar da ya durƙusa a gabanta, ina so ta ce masa miƙo, tana sane da abin da za a miƙo mata.

Ki gaishe mini da Baba Edwin da Kevin da ƙannensa, da matan zumunta na ikilisiyarmu, ki ce su sa mu a addu'a ba sai sun san dalili ba. Ngo kuwa, ki riƙe mata hannu ki ce Kaneng na gaishe ta. Allah ya sada mu da alheri.

Taki a kullum,
Kaneng Rufus.