Kada a Ƙona Katunan Ɗakin Ajiya

Zuwa ga: Mai girma Darakta, Hukumar Adana Kayan Tarihi
Daga: Mataimakiyar mai kula da ɗakin ajiya
Litinin, 11 ga Maris, 2024

Game da: Katunan tonon tarihi da aka ɗora a intanet rabi da rabi

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Ranar Talata, 5 ga wata, ina wucewa ta gaban na'urar ɗaukar hoto, sai na lura yatsun ma'aikacin kamfanin da aka ba aikin ɗora katunanmu a intanet fes suke. Duk wanda ya juya katunanmu kuwa, sai rubutun fensir da ke bayansu ya baƙanta masa yatsa. Ga ƙorafina:

1. Kowane kati fuska biyu gare shi. A gaba akwai lamba da sunan abu. A baya, tsohon mai ajiya, wanda muke kira Baba Fensir, ya rubuta ramin da aka tono abin, da zurfinsa, da manomin da ya nuna wurin. Shekara talatin da ɗaya yana wannan aiki. Kamfanin gaba kawai ya ɗauka.

2. Yanzu ɗalibin da ya buɗe shafinmu zai ga ɓarin tukunya mai lamba 212, shi ke nan. Daga ina? Oho. An ɗauki kube an bar wuƙa.

3. Ranar 6 ga wata na sanar da shugaban sashe. Ya yi dariya, ya ce jiya-jiya na zo, in bar manya su yi aikinsu. Ni ba mai yawan magana ba ce, ranka ya daɗe, amma ba makauniya ba ce.

4. Mafi muni, an ba da umarnin ƙona katunan ranar 18 ga wata, wai an riga an adana su. Yanzu haka suna cikin buhuna a bakin ƙofa kamar shara. In suka ci wuta, babu mai sake sanin inda aka samo ko ɓari ɗaya.

Saboda haka ina roƙon mai girma Darakta ya soke umarnin nan kafin ranar, ya kuma sa kamfanin ya dawo ya ɗauki bayan kowane kati. Ni zan riƙa juya musu.

Allah ya ƙara girma. A gafarce ni in harshena ya yi kaifi.

Taka mai biyayya,
Mataimakiyar mai kula da ɗakin ajiya
(sa hannu)

Ƙarin bayani: Ranar Juma'a Baba Fensir ya zo ganin shafin, da sabuwar hularsa. Na buɗe masa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya zaro kati ɗaya daga buhu, ya kife shi a kan teburina, rubutun fensirinsa yana sama, ya ɗauki sandarsa ya fita. Ko sallama bai yi ba.