Baba Ya Shanya Mini Kwamfuta

Talata, bayan isha'i, Tiga

Kwana uku ba wuta, ga jarrabawar neman aiki gobe da safe a kwamfutata. Tun jiya na rage mata haske, na kashe intanet, na sa ta riƙa barci bayan minti biyu, ina ta lallaɓa ɗan cajin da ya rage.

Dawowata daga gona na tarar Baba ya shanya ta a kan rufin kwano.

"Haka nake wa batirin rediyona, sai ya farfaɗo," in ji shi, yana murna.

Na ce, "Allah ya saka da alheri, Baba." To me zan ce?

Har yanzu da ɗuminta. Yatsana na kan maɓallin kunna ta, amma na kasa dannawa.