Kyaftin, Kar Ki Sauka Daga Jirgin Nan

Zuwa ga Kyaftin ɗina, sanyin idanuna, ruwan farko a kan ƙasar da ta tsage don ƙishi, hasken da nake laluben hanya da shi,

Gaisuwa daga wanda numfashinsa ke tafin hannunki.

Jiya da hantsi yayarki ta shigo shagona, ta ajiye hularki ta fim a kan firjin da nake gyarawa. Ta ce kin ce kin janye, in je in ɗauki fitacciyar jarumar da gidan talabijin ke so. Wallahi sai na zube cikin wayoyi da kusoshi, rungume da hular kwanon nan da na manna wa gilashin injin wanki da hannuna. Har yanzu ƙamshin man gashinki na cikinta. Me na yi miki da za ki yanke mini wannan hukunci, ya furen zuciyata?

Kin tuna ranar da muka ɗauki kashin farko na fim ɗinmu, Rijiya a Wata, a garejin Kawu? Jirginmu na sama jannati ƙofofin matattun firji ne, hayaƙinsa kuwa na maganin sauro. Kika yi ta tari, kina dariya har da hawaye. Sai kika goge ido, kika dubi kyamara, kika zama Kyaftin, matar nan da ta bar ɗanta a duniyar da kogunanta suka ƙafe, ta tafi haƙa rijiya a wata. Mai ɗaukar hoto ya manta bai tsayar ba. Kawu, da ya wuni yana ce mana mahaukata, ya tsaya cak da buta a hannu. Ni kuwa a nan na san na faɗa, faɗuwar da babu tashi.

Na san abin da kika ji kina zaune a bencin ƙofar ofishin manajan gidan talabijin. Kin ji ya ce labarin ya yi, za su saya, amma fuskarki babu wanda ya san ta. Kaicona da kika tashi a nan! Da kin ƙara haƙuri kaɗan, da kin ji amsata. Na ce masa idan babu ke babu fim, na zare filashina daga kwamfutarsa na fito. Na tarar da benci wayam. Na bi titi kamar zararre, ina leƙa kowace mota.

Kina ganin taimakona kika yi? Wace nasara ce wadda zan ɗaga ido a cikinta in rasa ki? Kowace kalmar da Kyaftin ke furtawa, da muryarki a kunnena na rubuta ta. Yaya zan miƙa ta ga bakin wata? Yau ma mutanen gidan talabijin sun sake kira, na sake cewa a'a. Telan da ya ɗinka mana kaya ya daina amsa gaisuwata don na ƙi tayinsu, Inna kuma sai kallona take tana tambaya ko zazzaɓi nake. Ba na iya cin abinci, ba na gane aikin gabana.

Akwai wani ƙaramin kamfani mai nuna finafinai a waya, sun yarda su saurare mu ranar Laraba da safe. Ba su yi alkawarin komai ba. Don Allah, don darajar iyayenki, ki zo. Ki yi mini faɗa a hanya in kina so, ki ƙi kallona, amma ki zo. In sun karɓa mu shiga tare, in sun kore mu, so nake a kore mu tare.

Naki ne ni, yau da gobe, har ranar da za a rufe mini ido,

Mai gyaran firjinki.