Ka Riƙe Albishirin Tukuna

Gwange, Maiduguri.

Zuwa ga Yaya Ridwan,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargidanka Anti Sa'adiya. Yaya Fatakwal da ruwan sama? Mu nan kowa lau. Idon Baba da aka yi wa aiki ya buɗe tas, har shi ke zura wa Inna zare a allura, yini yake yana dariya.

To Yaya, dariyar nan ce ta hana ni sakat. Akwai wani dillali, Babakura, da ya maƙale masa tun ranar da aka cire bandeji. Kullum ga kilishi ga kirari, wai Baba ya koma saurayi. Yanzu tsohon injin casar shinkafa yake tallata masa, wai a yi musaya da gonarmu ta Zabarmari. Ka san Baba da ciniki, sai mai kaya ya gaji ya sallama. Amma injin nan ko cewa bai yi a tayar ya ji kukansa ba!

Na sa wa mutumin ido. Ranar sunan jaririyar 'yar'uwarmu Fanna ya zo, Baba na cikin murna, ya sayar masa da rediyon da ba ya kama tasha. Ranar da haƙori ya tasa Baba gaba kuwa, daga zaure ya tambayi Inna ko maigida na raha, da ta ce a'a sai ya juya. Ruwa ba ya tsami banza. Na yi wa Baba magana, ya ce wanda Allah ya mayar wa da gani ba ya zargin bayinsa.

Ranar Juma'a za su tara shaidu. Kawu Bala, wanda shi kaɗai Baba ke jin maganarsa, sai Alhamis zai iso daga Kano. Anti ta gaya mini likita ya duba cikinta ya ce tagwaye ne, wallahi har kuka na yi don daɗi, Allah ya sauke ta lafiya. Amma don Allah kada ka gaya wa Baba sai Kawu ya zo. In Baba ya ji, don murna ba zai jira Juma'a ba, a ranar zai miƙa gonar, kuma ita ke ciyar da gidan nan.

Ka gaida Anti da ƙanwarta Khairunnisa. Inna da Fanna suna gaishe ku. Baba ma yana gaisuwa, ɗazu ya tambaye ni ko akwai wani labari daga wajenku. Na sunkuyar da kai na ce masa babu.

Taka ƙanwar,
Munira.