Turawan da Ke Tashi Sallar La'asar

Bukit Bintang, Talata

Yaya Walida,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ya karatu, ya su Anti Turai da yara? Tunda kin daina ɗaukar wayata, ga takarda na ba Anti ta miƙa miki.

Na san abin da na yi. Na shiga cacar karta ta intanet, wadda ake ce wa foka, har kwamfutar karatuna ta tafi. Ban zo wanke kaina ba. Amma wallahi ba rashin iyawa kaɗai ya cinye ni ba, haɗin baki aka yi mini.

Teburin da nake zama mu huɗu ne. Ukun sunayen Turawa gare su: Viktor, Bruno da Lars. Sai da suka bar ni na ci kwana biyu, har na fara jin kaina. Daga baya na lura ba sa taɓa cin juna. In ɗaya ya ƙara kuɗi, na biyu ya ƙara a kai har sai na zuba nawa, sannan ya janye ya bar wa ɗan'uwansa. Kamar kowa yana ganin kartar kowa, ni kaɗai ne makaho.

Ga abin da ya tsaya mini a rai. Ranar Juma'a ina wasa a waya wurin mai abinci a bakin masallacin unguwar Kampung Baru, ladan ya kira la'asar. Su ukun nan suka tashi daga teburi a tare. Bayan minti goma sha biyar suka dawo a tare. Na sa ido kwana huɗu, kullum haka. Yaya, wane Bature ne yake tashi sallar la'asar, kuma da agogon Kuala Lumpur?

Wanda ya nuna mini shafin, ya ce in zauna wannan teburin don na 'yan koyo ne, Ya Bahauddeen ne. Kuma su uku ne a gidansu. Na san Asabar ta sama kawunnansa za su je wurin Baba a Kano neman aurenki, shi ya sa na kasa yin shiru.

Ki yafe mini.
Ƙaninki, Sirajo

Sentul, Laraba

Sirajo,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, Anti na gaishe ka, don ba ta san abin da ka aikata ba.

Lallai ka cika gwani! Ɗan caca ya kawo ƙara wai an cuce shi a caca. Da me ka zata ake yi a can, rabon zakka? Baba ya turo ka karatun injiniya, ka ɓuge da binciken alwalar Turawa. Abin da ya fi ba ni haushi, su da kake zargi sun ji kiran salla sun tashi, kai kana zaune bakin masallaci kana ƙirga musu minti. Tir!

Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, na sani. Ka rasa wanda za ka shafa wa kashin kaji sai mutumin da ya ɗauko ka daga filin jirgi, ya nemo maka ɗaki, yake yi maka tapau, wato ƙunshin abinci, in ka kwanta zazzaɓi. Mutumin da ko zance ya zo, lokacin salla na yi zai miƙe.

Wannan layin na ƙarshe na rubuta shi, na daɗe ina kallonsa.

Gobe bayan azahar zai kai ni shan shayi a mamak, shagon abincin nan na ƙasan gidanmu. Ƙarfe huɗu ka shiga teburin naka. Kada ka zuba ko sisi, ka dai zauna su gan ka. In ƙarya kake yi, Baba zai ji komai daga bakina, har kwamfutar.

Allah ya shirye ka.
Yayarka, Walida

Bukit Bintang, Juma'a

Zuwa ga Malama Walida,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sanyaya zuciyarki.

Abin da ya faru jiya bai dace da mai ilimi irinki ba. Fisge wayar mutum a gaban jama'a, a karanta saƙonninsa, leƙen asiri ne, kuma kin san hukuncinsa a addini. Na yafe miki duk da haka.

Tunda kin gani, ba zan musa ba. Ni ne Viktor, sauran biyun abokan zamana ne, Hassan da Abdulgani, kuma muna tura wa juna hoton kartarmu. Amma ki fahimci niyya. Na ga yaron yana da rawar kai, na san ko ba mu ba wasu za su kama shi, waɗanda ba su san darajar gidanku ba. Sai na ce gara ya sha ɗacin abin a hannun na gida, ya tsane shi har abada. Magani ai ba ya daɗi. Ga shi kuwa ya daina.

Kada ki bari ƙaramar magana ta rushe abin da manya suka shiga. Kawu ya riga ya sayi goro.

Naki har kullum,
Bahauddeen

Sentul, Asabar

Malam Viktor,

Salamu alaikum, don sallama haƙƙin kowane Musulmi ce.

Ashe kai likita ne, ban sani ba. Sai dai ban tsaya a hoton karta ba, na gangara ƙasa. Na ga inda ka rubuta wa abokanka, har da dariya: "Yau ma ƙanin amarya ya saya mana akwati ɗaya."

Ka kira kawunka tun yau ka ce ya zauna a gida. In ya taka ƙofarmu, da kaina zan kira Baba a waya in karanta masa saƙon nan a gabansa.

Akwatunan lefen kuwa ka kai wa Sirajo. Shi ya saye su.

Ka huta lafiya.
Walida