Madubin Duban Wata

Apapa, Legas
9 ga Agusta, 1974

Zuwa ga Yaya Barau, a Toranke.

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya damina, yaya iyali? Yaya matata Kulu da yara? Ni lafiya lau, aikin gadi ba laifi.

Batun madubin hangen nesa da kuka ce in zaɓo don duban wata, na je kantin wani Kwara, mutumin Lebanon. Ya jera mini uku, ya ce in gwada hango wani jirgin ruwa. Na farko hazo, na biyu hazo. A na uku na ce, "Kai, ni za ka sayar wa tarkace? Shekara ashirin ni ke fara ganin wata a garinmu!" Sai ya kira wata mai tallan lemo ta leƙa. Yaya, har wankin da matuƙan jirgin suka shanya sai da ta ƙirga.

Ashe ba madubin ba ne, idona ne. 'Yar yana ce kawai, kada Kulu ta ji.

Abin da ya hana ni sakat shi ne ƙaramar Sallar bara. Na rantse gaban Liman na ga wata, gari ya ajiye azumi a kan maganata. Yau ban san me na gani ba.

Na sayi wanda matar ta zaɓa, Tukur direba zai kawo. Don Allah ka faɗa wa Liman, ni bakina ya yi nauyi. In ya ce a rama kwana ɗaya, a sanar a masallaci da sunana, kada a sakaya.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninka,
Kabo