Kwamfutarki Ta Kulle Muryar Mahaifiyarki

Sandamu,
12 ga Yuli, 2022.

Zuwa ga Ummina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Munzali da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri a can Fatakwal. Mu nan lafiya lau, ruwa ya sauka, gero ya kai gwiwa. Gwiwar tawa ce dai ta ƙi, in na durƙusa a gona sai an zo da mutum biyu da addu'a. Goggonki Laraba ta warke har ta koma faɗa.

Dalilin takardar nan kwamfutar da kika bar mini ce. Kin san kin haɗa ta da wayata, kika ce duk abin da ke cikin ɗaya zai riƙa shiga ɗayar, har da muryoyin marigayiya mahaifiyarki da kika ɗauka. To ranar Talata, mako biyu ke nan, ta fito da wani dogon Turanci. Ni da na bar makaranta a aji huɗu saboda ni da malamin lissafi ba ma ga maciji, sai na danna inda ya fi haske. Ta yi ta juya wani ɗan zobe tun hantsi har la'asar, kamar mai dama fura. Da ta farka sai ta daina gane ni, ta ce sai na ba ta kalmar sirri. A ƙasa kuma ga abin da kika rubuta don tunatarwa, wai sunan 'yar fari.

Ummi, wannan ai mugunta ce. Sunan mahaifiyata kika ci, ke ce kuma ta fari. Shekara talatin da ɗaya bakina bai taɓa furta shi ba, balle hannuna ya rubuta. Na ɗauki kwamfutar a buhu na kai wa Ya'u mai gyara a Daura, can wajen Kusugu. Ya ce ofdet ta yi, wato ta sabunta kanta, ba komai ba ne, in faɗi sunan kawai. Na ce sunan babbar 'yata ne. Ya ce ya ji, mene ne sunan? Na ce sunan tsohuwata ne. Mutanen shagon suka yi ta dariya, har wani ya ce ko gaban alƙali aka kai ni haka zan yi ta kewaye. Daga ƙarshe na sa Ya'u ya juya baya, na buga da yatsa ɗaya ina gumi. Ta ƙi. Ashe wasu da K suke fara shi, wasu da H, wasu su haɗa biyun, ni kuma ban taɓa duba yadda kike rubuta naki ba.

Ga inda na yi babbar wautar. Kwana biyu kafin in je Daura wayata ta cika, sai na goge muryoyin daga cikinta, ina cewa ai suna kwamfuta. Ya'u ya riƙe baki. Ya ce tunda a haɗe suke, ranar da kwamfutar ta shaƙi intanet za ta bi sahun wayar ta goge nata. Dole a buɗe ta ba intanet, a kwashe su tukuna. In kuma sunan ya gagara, sai dai a wanke ta gaba ɗaya. Yanzu tana ƙarƙashin gado a kashe, na hana kowa wucewa kusa da ita da waya.

A cikin muryoyin akwai wadda mahaifiyarki take yi mini faɗa a kan na bar ƙofar garka awaki sun shiga, tana cikin faɗan dariya ta ƙwace mata. Ita nake ji kullum bayan sallar asuba. Yau kwana tara ban ji ta ba, jiya na nemi yadda dariyar take farawa a kaina na rasa. Ki rubuto mini sunan harafi-harafi, manya da ƙanana. In kuma Munzali zai bar ki ki zo ki buga da hannunki, ni zan fi so, mu saurara tare.

Ki gaida Munzali da Raihana da abokin faɗana Anwar. Laraba da kawunki Dabo suna gaishe ki. Allah ya yi miki albarka, ya jiƙan mahaifiyarki.

Naki mahaifin,
Kalilu Auta.